Neman taimako: Windows 98 ta ƙi tashi a kwamfuta mai RAM 2 GB

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san tsofaffin kwamfutoci, domin kwana uku ke nan ina fama da matsala guda.

Ina da injin surfani wanda manhajarsa ba ta aiki sai a kan Windows 98, kuma kwamfutar da ke tafiyar da shi ta mutu. Na samo wata mai firosesa (ƙwaƙwalwar kwamfuta) Pentium 4, da RAM (ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita) guda biyu na 1 GB kowanne, da faifan ajiya na 160 GB. Na ɗauka ƙarfinta ya wuce buƙata, tunda Windows 98 tana tashi da RAM na 16 MB kawai a kan tsohuwar firosesa 486 mai gudun 66 MHz. Abin mamaki, bayan na gama girkawa sai ta ce RAM ɗin bai isa ta tashi ba.

Da na cire RAM guda, ta tashi, amma duk lokacin da na buɗe tagar DOS (tagar da ake rubuta umarni a ciki) sai ta sake kukan ƙarancin RAM. Na rubuta MaxFileCache=524288 a sashen vcache na fayil ɗin saitunan Windows mai suna system.ini, don taƙaita RAM ɗin da Windows ke ware wa ajiyar fayiloli na wucin gadi, abin ya ɗan lafa, sai dai kwamfutar tana ƙamewa idan injin ya daɗe yana aiki.

Shin ƙara MaxPhysPage (saitin da ke taƙaita yawan RAM ɗin da Windows ke amfani da shi) a sashen 386Enh na wannan fayil ɗin zai wadatar, kuma wace lamba ta dace, ko gara in nemo RAM na 512 MB? Sannan na san Windows 98 ba ta sarrafa faifan ajiya da ya haura 137 GB yadda ya kamata, to raba faifan ya isa, ko dole in sauya shi? Na gode.