Man giyar motata: in canza da hannuna ko in kai Kaduna?

Baban Ummi, Samaru: Assalamu alaikum 'yan uwa, shawara nake nema. Ina da Honda Accord ta 2007, 'yar Kwatano, atomatik. Shekara uku tana hannuna ban taɓa canza man giya ba. Kwanan nan in na taso da safe, kafin in kai Kwangila sai in ji tana fizga wajen shiga giya ta biyu. Na zaro ma'auni, man ya bar ja ya koma ruwan ƙasa. Na kira wani dila a Kaduna, kuɗin da suka yanka min ya fi ƙarfina, ga kuɗin makarantar yara. Baƙin mai ni nake canzawa a ƙofar gida. Wannan ma zan iya? Motar nan ita ce ƙafata, ina tsoron in kashe ta da hannuna.

Mai gareji, Sabon Gari: Wa alaikumus salam, Malam. Za ka iya, a wannan motar aikin bai fi na baƙin mai wuya ba. Inda ake faɗuwa wajen sayen man ne. Honda man giyar kamfaninta take sha, da sunansa Z1, yanzu wani mai suna DW-1 ya maye gurbinsa. Kada wani ya ce maka ai duk jan mai ɗaya ne. Ka kwance notin da ke ƙasan giyar, kusan lita 3 zai fita, sauran yana can ciki. Ka auna abin da ya fita, ka zuba daidai shi. Notin yana da maganaɗisu, ka goge garin ƙarfen da ya manne, ka sa sabuwar wosha. Bayan mako ka sake, har sau uku, a hankali man zai washe. Ma'aunin Honda kuma sai mota ta ɗauki zafi, a fili madaidaici, ka kashe ta, ka jira kamar minti ɗaya, sannan ka duba.

Maman Sadiq, Tudun Wada: Ni jabu aka zuba min a galan mai kyan gani, wata biyu giya ta zauna. Wallahi har yau abin na min ciwo. Don Allah ko za ka yi da kanka, man dai ka sayo shi wajen dilan.

Alhaji, Ƙofar Doka: Ɗana, shinshina man tukuna. In yana ƙauri ya yi baƙi, faifan ciki sun ci, sabon mai ba zai gyara ba, sai mai gyaran giya. Kuma kada ka shiga ƙarƙashin mota a kan jak kaɗai, nemi rami.

Baban Ummi, Samaru: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba Alhaji, na shinshina, babu ƙauri. Ƙanena zai sayo min man a Kaduna ranar Juma'a. Maigida na Sabon Gari, in na zo Asabar da hantsi za ka ara min rami, ka tsaya a kaina a karon farko?

Mai gareji, Sabon Gari: Zo da mazurari mai dogon baki, ta bakin ma'aunin za mu zuba. Allah ya kai mu.