Kwanon shayin Miura Koheiji babu akwati, in saya ko in bari?

Ɗan Nagoya: Salam jama'a. Wani tsoho mai shagon kayan da a unguwarmu yana da chawan, kwanon shan matcha, wato garin koren shayin Japan, irin koren tangaran ɗin nan da suke kira seiji. Ya ce aikin Miura Koheiji ne, mutumin tsibirin Sado da gwamnatin Japan ta naɗa Ningen Kokuho, wato gwanin sana'a da ƙasa ke ɗauka a matsayin taskarta, a 1997. Kore ne mai sirkin shuɗi, duk jikin ƙananan tsaga a ƙarƙashin sheƙin. Yen dubu 150 ya yanka min. Matsalar babu tomobako, akwatin katakon da maginin ke rubutu da buga hatimi a murfinsa, sai tambari a gindi kawai. In saya?

Maman Ummi: In dai da akwatinsa ai saya kawai, dubu 150 arha ne.

Ɗan Nagoya: Hajiya shi ne fa na ce babu.

Baban Khalil: Ɗan'uwa wlh kar ka fara. Ni a wani shafin gwanjo na sayi wai na Nakashima Hiroshi, maginin seiji na garin Takeo ɗin nan da ya rasu a 2018, har da akwati da igiya da ƙyallen naɗewa komai cif, dubu 80 na biya ina murna na tsinci dami a kala, da buƙata ta taso na kai wa dila ya juya gindin ya duba ya ce akwatin gaskiya ne amma kwanon ba nasa ba ne, wani ne ya raba akwatin da kwanonsa na asali ya sayar biyu. Dubu 3 ya taya. Mai sayarwan kuwa ya goge account.

Injiniya_Osaka: Dubu 80 Nakashima? Ai tun daga kuɗin ya kamata ka farga, ni dubu 400 na gani a gallery.

Baban Khalil: Gani ka yi ko saya ka yi? Wanda bai taɓa asara ba ya yi shiru.

Injiniya_Osaka: To asara ce ta zama digiri yanzu, yallaɓai?

Sarkin Zolaya: Kai jama'a, faɗi-ka-mutu guda ɗaya kuɗin kayan ɗakin amarya! Kuma mai tsaga. Kakata da kwallayenta a jere ta fi ku dabara, ko sun faɗi sai dai su ƙwarzane.

Maman Ummi: Tsagar da gangan ce malam, wajen hucewa gilashin da ke ba shi sheƙi ke ƙanƙancewa fiye da yumɓun. Koren ma ƙarfe ne a ciki, a gasa shi a tanda an hana iska.

Injiniya_Osaka: Ka kai hoton tambarin wurin dilan da ya san aikin Miura kafin ka miƙa ko sisi.

Baban Khalil: Ko na gaske ne ta ina zai kai gida? Masu kwantenar nan da suka murƙushe min rice cooker cikin kwali biyu?

Maman Ummi: Kai ma? Nawa tun azumi wai yana kan ruwa, wa kake ba kayanka yanzu don Allah?