Daga "Yaya" zuwa baiko: ku ya kuka yi?

Ɗan Kwaya:
Salama dai 'yan'uwa. Akwai yarinyar da muke kwaya ɗaya, wato ƙungiyar mawaƙan majami'a, shekara 3 kenan, tun muna FCS, zumuntar ɗalibai Kirista, a sakandare ma na santa. Ni nake rakata gida bayan koyon waƙa ran Alhamis, mamanta har tuwo take ajiye min, amma ita "Yaya" take ce min, kuma duk randa na shirya magana sai bakina ya yi nauyi. Tsorona kar in faɗa in rasa har zumuncin. Dan Allah waɗanda suka wuce nan ku ba ni labarin naku.

Maman Biyu, Kafanchan:
Ƙanena buɗe baki ka yi magana. Mu mata muna ganewa tun kafin ku furta, kunya ce ke hana mu fara faɗa. Maigidana shekara 2 yana sintiri gidanmu wai aron littafin waƙoƙi, ni kuma ina ɗaki ina kuka ina addu'a don wani malamin makaranta ya riga ya turo manyansa, Baba ya ce wata ɗaya ya ba ni in fito da wanda nake so. Sai da ƙawata ta zumuntar matasa ta je ta same shi ta ce in ba da gaske yake ba ya matsa ya ba wasu wuri. Ran Lahadi bayan sujada ya tsayar da ni gindin mangwaron majami'a, muryarsa na rawa, ya ce aure yake nufi. Na ce ya ba ni sati 2 in yi addu'a, na kuma yi ɗin, har da azumi, duk da zuciyata ta daɗe da amsawa.

Ɗan Billiri:
Ni dai roƙona ɗaya, ku yi gwajin jini tun magana ba ta je kunnen iyaye ba. Mu sai da aka kai kuɗin gaisuwa, dangi duk sun sani, sannan kwamitin aure suka tura mu asibiti, sakamako ya fito ni AS budurwata ma AS, wato dukanmu muna ɗauke da ƙwayar gadon sikila. Likita ya zaunar da mu ya ce kowane ciki da za ta ɗauka akwai yiwuwar 1 cikin 4 ɗan ya zo da sikila, kowane ciki fa, ba wai in an haifi huɗu ɗaya ne kawai zai samu ba. Ƙanwarta SS ce, mai sikila, don haka budurwar tawa ta san wahalar da idonta, ita ce ma ta fara cewa mu haƙura. Kawunta da kansa ya dawo da kuɗin. Ta yi aure yanzu, muna gaisawa, amma har yau in aka tayar da waƙar da muke rerawa tare fita waje nake yi.

'Yar Mubi:
Allah ya ba ka haƙuri ɗan'uwa, na ji wannan har raina. Mu a EYN muke, wato Ekklesiyar 'Yan'uwa a Najeriya, da saurayina ya faɗa min na amince sai muka fara zuwa wajen fasto kafin kowa, shi ya ce mana a daina ɓoye-ɓoye, saurayin nawa ya tura kawunansa gidanmu. Shi mutumin Filato ne, yarenmu daban, Mama ta yi ta jan ƙafa wajen wata 5 wai za a kai ni nesa. Ranar tambaya kakata ce ta kira ni gaban kowa ta ce kamar yadda aka tambayi Rifkatu a Farawa 24 ko za ta bi mutumin, haka za a tambaye ni. Na ce zan bi shi. Nan take aka karɓi goro aka yi addu'a, zobe kam sai daga baya da ya tara kuɗi.

Ɗan Kwaya:
Na gode ƙwarai. Baba na Billiri, gobe da safe zan je in yi gwajin nawa. Mama ta Kafanchan, ran Alhamis in Ubangiji ya yarda zan faɗa mata a hanyar gida, kafin mu kai kwanar layinsu. Ku sa ni a addu'a.