Zuwa Kribi daga Garwa da iyali: Disamba ko Mayu?

Ɗan Garwa:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina son kai iyali Kribi, garin bakin teku a kudancin Kamaru, su ga teku, mu shida ne har da yara uku. Wasu sun ce mu bari sai Disamba, wasu sun ce Mayu saboda bikin 'yan Batanga, ƙabilar da ke zaune a gaɓar tekun wurin. Wanne ya fi? Sai kuma batun hanya, da abincin da Musulmi zai ci hankalinsa kwance, da inda yara za su shiga ruwa ba fargaba.

Mai Shago a Briketeri:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Tunda da yara ne, Disamba zuwa Fabrairu, lokacin rani. Kada ku kuskura ku je a Satumba ko Oktoba, ruwan sama ne kamar da bakin ƙwarya. Amma ku kauce wa makon Kirsimeti da sabuwar shekara, don mutanen Duwala da Yawunde kan cika garin, kuɗin ɗaki ya hau. Tsakiyar Janairu ya fi sauƙi.

Hanya: mota daga Garwa zuwa Ngaundare, sai jirgin ƙasa na dare zuwa Yawunde. Ku sayi tikitin ɗaki mai gado huɗu tun da kwanaki, yana saurin ƙarewa. Da safe ku nufi unguwar Mvan, nan motocin Kribi suke. Tafiyar ta kai kilomita 280, ta Edea ake bi, ku ƙiyasta awa huɗu zuwa biyar. In jirgin ya makara har azahar ta yi, ku kwana Yawunde kawai. Hanyar Yawunde zuwa Edea cike take da manyan motocin katako, ba ta tafiyar dare ba ce. Kowane babba ya riƙe katin shaidarsa a aljihu, akwai shingayen jandarma. Wanda kuma zai fito daga Nijar ya canza kuɗi tun da wuri, sefar can ba a sayayya da ita a Kamaru.

Hajiya Mai Abinci:
Alhaji, ni zan tsaya kan ciki. Ku je Mboa Manga, inda masunta ke sauke kifi a bakin kogin Kienke. Laraba da Asabar ne kwale-kwale suka fi dawowa da kaya. Za ka sayi ɗanyen kifi da kanka, ka miƙa wa matan da ke gashi a gefe. Ciniki biyu ne ke nan, kuɗin kifi daban, kuɗin gashi da kayan haɗi daban, kuma ka gama duka biyun kafin a ɗora a wuta. Rigimar da baƙi ke yi a wurin daga nan take tasowa.

Ka duba kifin da kyau: ka ɗaga murfin kunnensa, cikin ya zama ja jawur, ido garau ba fari-fari ba, in ka danna jikin da yatsa ya dawo. Jatan lande kuwa, in kan ya fara baƙi ko yana neman rabuwa da jiki, ya kwana ba ƙanƙara, ka bar shi ko da araha. Shi ne ke ɓata wa mutane ciki su ce ruwan garin ne. Ku shida, kifi kilo biyu da rabi da jatan lande kilo ɗaya ya ishe ku, don bayan an cire kai da ciki da ƙaya kusan rabi ne ke saura. A sa wa yara nasu ba barkono, yajin can ba wasa ba ne.

Abin haɗawa shi ne soyayyar agada, ko bobolo da miyondo, wato rogo da aka jiƙa ya yi tsami, aka niƙa, aka naɗe cikin ganye aka dafa. Ndole miyar shuwaka ce da gyaɗa, tana da daɗi, amma ku ce ta kifi ko ta jatan lande kuke so. Naman da ba ku san yankansa ba ku bar shi, a kudu ana sayar da naman daji da alade. In kwaɗayin nama ya taso, masu tsire 'yan arewa suna gari, su ma za su nuna muku masallaci.

Malamin Tarihi:
Ni ban yarda a yar da Mayu haka kawai ba. Bikin Mayi ranar 9 ga Mayu ake yinsa, tunawa da dawowar 'yan Batanga gida a 1916 bayan an kwashe su daga garuruwansu a lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya. Akwai jerin gwano, raye-raye da tseren kwale-kwale. Ana ruwa a Mayu, amma ba irin na Oktoba ba. Wanda kuma yake son rani da biki tare, akwai makamancinsa ranar 14 ga Fabrairu a Grand Batanga, wani ƙauye kudu da Kribi, shi ma tunawa da dawowar wani rukuni ne. Abin tarihin kakanninsu ne, a nemi izini kafin a ɗauki hoton dattawa. A cikin gari ku kai yara su ga hasumiyar fitilar jiragen ruwa da Jamusawa suka gina a 1906.

Direban Kwale-kwale:
Alhaji, maganar ruwa ita ce babba. Inda kogin Lobe ke zubowa daga kan duwatsu kai tsaye cikin teku, kilomita 7 kudu da gari, wurin kallo ne, ba na wanka ba: dutse na da santsi, ruwan kogi da na teku suna karo. In za ku shiga kwale-kwale, kowane yaro ya sa rigar kariya daidai jikinsa, in babu ku fasa.

Wanka ku tafi Londji, wajen kilomita 15 arewa da gari, ruwan ya fi lafawa. Ko a can, yaro kada ya wuce gwiwa, babba na kusa da shi yadda hannu zai kai. Ku lura da wurin da ruwa ya yi duhu ya kwanta lumui tsakanin igiyoyi masu kumfa. Baƙo na ganin nan ne lafiya, alhali nan ruwan ke komawa teku da ƙarfi. In ya ja mutum, kada ya yi kokawa da shi ya nufi tudu, gajiya ce ke kashewa. Ya yi iyo gefe, daidai da tsawon gaɓa, har ya fita daga jan, sannan ya juyo. Ku shiga da safe, kuma ku tambayi masuntan wurin ko ruwa na cika ne ko yana janyewa. Ku zo da gidan sauro ko ku tabbatar ɗakin yana da shi.