Koriyogirafi: da wane suna za mu kira shi?

Assalamu alaikum. Ƙanwata ce ta ɗora mini aiki. Tana rubutu da Hausa a kan raye-rayen dandamali, sai ta iso kan kalmar nan da Turawa ke cewa koriyogirafi, ta tsaya cak. Ta ce, "Yaya, ko in bar ta yadda take, in juya ta da baƙaƙen Hausa kawai?" Na ce ta ba ni kwana biyu. Yau kwana biyar ke nan ina saƙa da warwara. Ga inda na kai, ku taya ni dubawa. Wani Malam ya riga ya kawo shawarar "tsarin rawa", wata Hajiya kuma ta yi mini gyara a kan rubuta tawa kalmar ba ƙugiya, zan amsa musu a ƙasa.

Asalin kalmar Girkanci ne, kalmomi biyu aka haɗa, rawa da rubutu. A 1700 wani Bafaranshe, Raoul-Auger Feuillet, ya buga littafi a Paris da wannan suna. A ciki ya zana takun rawa da alamomi: layi yana nuna hanyar da mai rawa zai bi a fili, kiɗan kuma yana rubuce a saman shafi. A 1928 Rudolf Laban ya fito da nasa alamomin, waɗanda ake aiki da su har gobe. A zamanin Feuillet, da an ce "rubutun rawa" an gama magana. Amma ma'anar ta yi ƙaura. Yau kalmar tana nufin aikin wanda ya zauna ya fitar da rawar tun daga tushe: wa zai shigo, ta ina, me hannu zai yi sa'ad da ganga ta faɗi kaza, me ake so ɗan kallo ya fahimta. Yawancin masu wannan aiki ko alif ba sa rubutawa, da jikinsu suke nunawa, 'yan rawa su kwaikwaya. Don haka na ajiye "rubutun rawa" gefe, ya zauna wa alamomin su Laban.

"Salon rawa" ba shi ba ne, salo shi ne yadda kowa ke taka tasa. "Ƙagen rawa" kuma da ka faɗe shi kunne zai tafi ga ƙage da sharri.

Malam, na ga ka kawo "tsarin rawa", kuma wallahi shi ne ya fi ba ni wahalar turewa. Yana da sauƙi a baki, aikatau ɗinsa yana nan: ya tsara, ta tsara, mai tsara rawa. Kowa zai gane. Inda na rabu da shi kaɗan shi ne, tsari yana gaya mini an jera abubuwa, wannan gaba wannan baya, kamar tsarin zama a wajen taro. Bai gaya mini cewa kiɗa da motsi sun shiga cikin juna har sun haifi magana ba. Alhali wannan maganar ita ce zuciyar aikin.

Bari in ba da misali daga inda kalmar ta fi zama daram, wato rawar bale ta Turai. Swan Lake, wadda Tchaikovsky ya yi wa kiɗa, an fara nuna ta a Mosko a 1877, ba ta yi wani tashe ba. A 1895 Marius Petipa da Lev Ivanov suka sake ɗora wata rawar a kan kiɗan a birnin Saint Petersburg, kuma tasu ce ta zama uwar wadda duniya ke kallo yau. Labarin budurwa ce da aka yi wa sihiri ta koma farar tsuntsuwar ruwa mai dogon wuya. Babu mai buɗe baki daga farko har ƙarshe. Wani abin busa mai harshe biyu, ɗan'uwan algaitarmu, shi ke ɗauko sautinta mai kama da kuka, ita kuma hannayenta suna kaɗawa a hankali kamar fikafikai, wuya a karye, ido a ƙasa. Can gaba sai mai rawa ɗayar nan ta dawo a matsayin 'yar boka mai yaudara: kai a ɗage, motsi kaifi-kaifi, ta yi juyi 32 a kan ƙafa ɗaya ba hutawa. Jiki ɗaya ne, amma ɗan kallo ba ya buƙatar a gaya masa cewa wannan ba waccan ba ce. Har da alamomin hannu da suka zama sananne a wurinsu: hannu a kan zuciya ƙauna, nuna yatsan zobe aure. Cire busar nan, kaɗa hannun ya zama motsa jiki kawai. Cire hannun, busar ta zama daɗin kunne, ba a san wa ke kuka ba.

Mu ma ai mun san wannan a aikace. Shekaru fiye da hamsin Hausawa suna kallon finafinan Indiya kafin a fara fassara su, ba mu jin yaren, amma da an shiga rawa mun san wa ke so, wa ke jan aji, wa aka yi wa kishiya. Ido da gira da yatsu ne suka faɗa mana, kuma su a wurinsu ilimi ne mai zaman kansa, kowane lanƙwasa yatsu da sunansa. A gida kuma, ku tuna 'yan mata a dandali suna gaɗa, ɗaya ta saki jiki ta faɗa da baya sauran su cafe ta daidai inda tafi ya sauka. Ko ɗan tauri da yake zaune lafiya lau, makaɗi ya taɓa takensa, sai ka ga ya zabura jiki na tsuma. 'Yan koroso kuwa sun ɗaura kiɗan ma a ƙafa, duk taku da kacau-kacau ɗinsa.

Shi ya sa na tsaya a kan "saƙar rawa". Masaƙi yana miƙe zare a tsaye, ƙoshiya tana kai da kawowa da abawa a tsakani, kowane ɗaya shi kaɗai ba ya rufe jiki, sai sun ratsa juna zane ya fito. Kiɗa ne zaren da aka miƙe, motsi ne abawar. Kuma ba ni na fara fitar da saƙa daga masaƙa ba. Bahaushe ya daɗe yana cewa saƙar zuci, yana cewa an saƙa magana, yana cewa wane yana saƙa da mugun zare. Duk inda aka yi tunani aka harhaɗa abu da niyya, saƙa tana zuwa. Hatta yadda ake aikin a wurin gwaji, a ɗora taku yau gobe a cire a sake, saƙa da warwara ne sak.

Hajiya, gyaranki ya shiga, kuma gaskiya ne. Mutanenmu da yawa suna rubutu a waya ba ƙugiya, "saƙar rawa" za ta koma "sakar rawa", wani ya ɗauka saka rawa ake nufi, kamar a ce an saka rawa a fim. Wannan matsala ce ta gaske. Sai dai haka ƙafa da kafa suke, haka ɓata da bata, ba mu kuwa jefar da su ba, jimla ce ke raba gardama. Na fi son mu matsa wa kanmu mu riƙa sa ƙugiyar da mu bar kalma mai kyau saboda allon waya.

Na gwada ta a baki in ji ko za ta yi tuntuɓe. Wa ya saƙa rawar nan? Saƙar rawar ta fi waƙar kyau. Petipa da Ivanov ne suka sake saƙa ta a 1895. Ta yi karatun saƙar rawa. Duk sun zauna. Wanda ke aikin kuma masaƙin rawa, mace masaƙiyar rawa, jam'i masaƙan rawa. Wanda "masaƙi" ya yi wa nauyi ya ce mai saƙa rawa, duk ɗaya ne.

Malam, ban jefar da taka ba. Na ce wa ƙanwar tawa inda ake maganar jera 'yan rawa a fili, wa ke gaba wa ke baya, da'ira ko sahu, ta rubuta tsarin rawa, don shi ne daidai a nan. Inda kuwa ake maganar dukan aikin, kiɗa da taku da abin da suke faɗa wa ɗan kallo, ta rubuta saƙar rawa, ta yi bayaninta sau ɗaya a farkon babi. Ta turo mini shafin da safen nan, kalmar ta fito sau bakwai, na karanta da ƙarfi ban yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba.