Wane irin labule ya dace da tagar kicin da ke kallon hanya?

Mai tambaya:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka fi ni sanin wannan al'amari. Kicin ɗin gidan da muka kama haya yana da taga ɗaya tak, tana daidai saman wurin wanke-wanke, tana kuma kallon wata siririyar hanya da mutane ke bi, a ƙetaren hanyar kuwa akwai gidan bene da tagoginsa ke fuskantar tamu. Da rana abin bai cika damuna ba, amma da zarar duhu ya yi na kunna fitila sai in ji kamar a bakin titi nake aiki. Na rataya wani labule mai kauri da na ciro daga ɗakin kwana, sai kicin ɗin ya yi duhu, kuma cikin 'yan makonni labulen ya kama maiƙo da warin hayaƙi. An ce in manna ledar nan mai kama da madubi a jikin gilashin. Murhuna yana kusa da tagar, kuma mai gidan bai yarda a huda bango ba. Yaya zan yi in samu sutura ba tare da na rasa haske da iska ba?

Amsa ta farko:

Wa alaikumus salam, Malama. Na daɗe ina aikin sa gilashi, kuma shawarata ita ce kada ki sayi ledar madubin nan, domin ba za ta magance abin da ke damunki ba. Dalili kuwa shi ne, ido yana ganin ɓangaren da ya fi haske ne daga ɓangaren da ya fi duhu. Da rana waje ya fi ciki haske, shi ya sa mai wucewa yake ganin kansa kawai a jikin gilashin, amma da dare idan kin kunna fitila sai lamarin ya juya, na waje ya gan ki tar, ke kuma ki riƙa ganin kanki a madubi ba tare da sanin wanda ke tsaye a waje ba. Haka labule shara-shara yake, yana suturtawa da rana, da dare kuwa ba shi da wani amfani.

Abin da ya dace da ke shi ne farar leda mai dishi-dishi, wadda take warwatsa haske maimakon ta mayar da shi, saboda haka aikinta ɗaya ne dare da rana, iyakar abin da za a gani daga waje shi ne inuwar mutum idan ya matso dab da gilashin. Ki nemi irin wadda ba ta da gam, wadda ake fesa wa gilashi ruwa mai ɗan sabulu a ɗora ta a matse ruwan har ta kama, domin ranar da za ki bar gidan ɓare ta kawai za ki yi. Ba sai kin rufe tagar duka ba. Ki liƙa takarda a ƙasan gilashin, ki kunna fitila da dare, ki sa wani ya tsaya a wurin wanke-wanke, ke kuma ki fita hanyar ki duba, ki yi ta ƙara tsawon takardar har sai kin daina ganin kansa. Nan ne iyakar ledarki.

Amsa ta biyu:

Malam ya yi bayani mai gamsarwa, sai dai ina ganin ya manta cewa tagar kicin ba a barinta a rufe. Mai girki tana buƙatar tururi da hayaƙi su fita, musamman idan da gas take aiki, kuma da an buɗe tagar ledar ta tafi tare da gilashin, an koma gidan jiya. Ni abin da ya yi mini amfani shekara da shekaru shi ne rabin labule, wanda yake rufe ƙasan taga kawai ya bar samanta a buɗe. Akwai sandar labule mai sifirin a cikinta wadda take tokare kanta tsakanin gefen taga biyu, ba ta buƙatar ƙusa, don haka ba ruwanki da mai gida.

Amma 'yata, maganar murhun nan ita ta fi tsaya mini a rai. Labulen da iska za ta iya kaɗawa ya kai ga wuta ba abin wasa ba ne, auduga tana kamawa nan take, foliyesta kuma narkewa take yi ta manne a fata. Ki sa tela ya yi masa hanyar sanda sama da ƙasa, ki zura sanda biyu, yadda zai tsaya a miƙe ko da ana iska. Idan har tazarar murhun da tagar ba ta kai kimanin mita ɗaya ba, ki matsar da murhun ko ki haƙura da yadi gaba ɗaya. Ki ɗinka guda biyu, ana wankin ɗaya ɗaya yana rataye, ki kuma bar ɗan fili tsakaninsa da famfo don kada lema ta sa ya yi fumfuna.

Amsa ta uku:

Hajiya da Malam duk sun kula da masu wucewa a hanya, amma wanda ke saman bene daga sama yake hangowa, kuma ta saman tagar da aka bari a buɗe zai gani. Maganin wannan shi ne asabarin zamani, wato labulen nan mai siraran falle na alminiyam ko roba da ake karkatarwa. Ki juya fallayen yadda gefen da ke ta cikin ɗaki zai dubi sama, sai haske ya bugi silin ya watsu a kicin, na bene ba ya ganin komai, na ƙasa kuma silin kaɗai zai hango. Kada ki ɗauki na katako, domin tururi yana lanƙwasa shi. Aibinsa shi ne sai an bi kowane falle da tsumma da ruwan ɗumi mai sabulu a kai a kai, in ba haka ba maiƙo da ƙura su haɗu su daskare. Idan da ƙananan yara a gidan ki zaɓi marar igiya, domin igiyar tana iya shaƙe yaro, abin da ya sa tun 2018 a Amurka aka tsara cewa waɗanda ake sayarwa a shirye su zama marasa igiya ko masu igiyar da hannun yaro ba ya kai mata.

Mai tambaya:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka muku da alheri. Jiya da dare na gwada dabarar takardar, na tarar kashi biyu cikin uku na gilashin ne yake buƙatar rufewa, na kuma auna tazarar murhun na ga ba ta kai mita ɗaya ba, saboda haka na fasa sa yadi. Zan manna farar ledar a ƙasa, in sa asabarin alminiyam saboda lokacin da taga take a buɗe. Abin da ya rage shi ne in nemi irin wanda ake maƙalawa a jikin firam ɗin taga ba tare da an huda bango ba, idan kuwa ban samu ba zan roƙi mai gidan ya yarda da ƙusa biyu.