Yarana na haɗa rabi da sulusi su ce biyu bisa biyar, ina mafita?

Malamar Aji Shida, Katsina:
Assalamu alaikum malamai. Ina koyar da lissafi a wata firamare ta wajen Ƙofar Marusa, yara 74 a ajina. Mako uku ke nan muna kan ɓangaren lamba. Jiya na rubuta 1/2 + 1/3 a allo, fiye da rabin ajin suka kawo mini 2/5, sun haɗa na sama da na sama, na ƙasa da na ƙasa. Abin ya tsaya mini a rai, domin yarinyar da ta fara kawo littafinta ita ke yi wa mahaifiyarta tallan awara, kuma ko naira goma ba ta taɓa ɓace mata a canji ba. Kai tana da shi, hanyar ce ban samo ba. Ga sanyin hunturu, da safe duk sun takure. Wane wasa ko aikin hannu zan yi da abin da ake samu a wannan lokacin, wanda ba zai ci kuɗi ba? Ina kuma son in ɗan buɗe musu ido kan lambobin da ke ƙasa da sifili kafin su shiga ƙaramar sakandare.

Tsohon Hedimasta, Daura:
Wa alaikumus salam. 'Yata, lokacin rake ne, ki sayi kara ɗaya mai gaɓa 12. Ki ɗaga shi, su ƙirga gaɓoɓin da baki. Ki ce rabinsa na Liman ne, gaɓa nawa? Za su ce 6. Sulusi na Ladan? 4. An fitar da 10 cikin 12 ke nan, saura 2. Sai ki tambaye su: wanda ya riga ya ba da rabi har ya ƙara, yaya za a yi abin da ya bayar ya zama 2/5, alhali 2/5 bai ma kai rabi ba? Ki yi shiru, ki bar su su yi musu. Da kansu za su gano kuskuren. Bayan nan ki haɗa gaɓoɓin bibbiyu, su ga 10 cikin 12 shi ne 5 cikin 6. A ƙarshe a sara raken a sha.

Kada ki manta yaran nan sun san kalmomin tun daga makarantar allo. Izu 60 ne a Alƙur'ani, kowane izu sumuni 8, kuma duk wanda ya yi nisa ya san sumuni biyu ne rubu'i, huɗu ne rabin izu. To ai 2/8 = 1/4 ke nan. Mu ne muke kawo musu shi kamar baƙon abu.

Malam Mai Lissafi, Dutsin-Ma:
Baba ya gama magana kan rake. Ni kan lambobin ƙasa da sifili zan ce wani abu. Mutane da yawa da bashi suke misali, amma ni na daina, saboda na ga wani yaro ya sunkuyar da kai ranar da na yi, ashe ana bin gidansu. Rijiya nake amfani da ita. Na zana ta a ƙasa a filin makaranta, inda rana ke bugawa: bakin rijiya sifili, kowane taki a matsayin gaba guda na igiyar guga, yaro guda ya zama guga. Guga na gaba 7 a ciki, wato -7, an jawo gaba 4, yana ina? Ya taka ya tsaya a -3. An ƙara jawo 5, ya fito ya haura zuwa 2. Tsalle-tsallen ma na kore musu sanyi. Iyaka dai rijiyar ba ta kai ki ga ninka lambar ƙasa da sifili da irinta ba, wannan ki bar wa malaman gaba.

Maman Ummi:
Ni ba malama ba ce, uwa ce. Ɗana ya gane sulusi ne da azumi: goma na marmari, goma na wuya, goma na ɗokin sallah. Da kaka kuma mahaifinsa ya sa shi ware zakka, dami ɗaya cikin kowane goma. Gero dami 30 muka samu, ya fitar da 3, ya ce ashe wannan ne ake kira ushiri, wato ɗaya bisa goma. Malama, ki riƙa ba su aikin gida irin wanda za su tambaye mu, mu ma muna da abin faɗi.

Malamar Aji Shida, Katsina:
Allah ya saka da alheri, Baba, da ku duka. Yau na je da rake biyu. Mai awarar nan ce ta fara miƙewa ta ce, "Malama, ai rabin kaɗai ya fi abin da muka rubuta." Matsalar da na samu, na baya ba sa hango gaɓoɓin, don haka gobe zan sa kowane benci ya zo da karan dawa mai gaɓa 12. Rijiyar kuma sai Alhamis in Allah ya kai mu.